Masu Khal na Birnin Orleyan

Tun kafin masana kimiyya su gano abin da ke gudana a cikin tulu, fukaha'un Musulunci sun riga sun zauna a kan mas'alar giyar da ta juye ta zama khal, har suka yi ittifaƙi cewa idan ta juye da kanta, ba da sa hannun kowa ba, to ta tsarkaka kuma ta halatta. Saɓani ya tsaya ne ga wanda ya juya ta da gangan, inda Hanafiyya suka yarda, Shafi'iyya da Hambaliyya suka hana, aka kuwa ruwaito ƙauli fiye da ɗaya daga Imamu Malik. Hujjar halattawar ita ce istihala, wato ainihin abu ya gushe, wani ainihin ya maye gurbinsa. A ganina wannan fahimta ce mai zurfi ƙwarai, kuma tarihin wani birni na Faransa ya zo ya gaskata ta.

Birnin shi ne Orleyan, yana bakin kogin Luwar, kuma a dā a nan jiragen ruwa suke sauke gangunan giyar inabi da za a wuce da su Faris. Amma da yake tafiya tana da nisa, zafi kuma ba ya ragawa kowa, sai da yawa su iso sun yi tsami, 'yan kasuwa suna kukan hasara. Daga wannan hasara sana'a ta tsiro, har a 1580 Sarki Henri na Uku ya tabbatar wa masu khal na garin ƙa'idojin ƙungiyarsu. Dabararsu haƙuri ce tsantsa: ganga ce ta katako wadda ba a cika ta, a huda mata ƙofofin iska, a bar tsohon khal a ciki, a riƙa ɗiban kaɗan ana ƙara giya kaɗan, alhali wata yana mai santsi da suke kira uwa tana kwance a saman ruwan, ba wanda ya isa ya dame ta.

Ita wannan uwa ce masanin kimiyya Louis Pasteur ya bincika, ya wallafa sakamakonsa a 1864, sa'an nan a 1867 ya tsaya gaban masu sana'ar a Orleyan ya bayyana musu cewa halittu ne masu rai, ƙanana ainun, waɗanda ke ɗaukar oksijin daga iska su haɗa shi da itanol, sinadarin da ke bugarwa; sai ƙwayar itanol ta rasa haidurojin biyu, ta karɓi oksijin ɗaya, ta zama asid ɗin asitik, wanda ba ya gusar da hankalin kowa. Ashe juyawar da ake cewa da kanta tana da sababi, sai dai ido ba ya riskarsa. Dangin wannan asid suna cikin madafinmu: akwai na tsamiya, akwai na nono da ruwan tsami.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne ƙamshi, domin idan khal ya daɗe a ganga, ɗan ragowar itanol yakan haɗu da asid, ruwa ya fita, a sami wani sinadari na uku mai suna esta, wanda ke da ƙamshin 'ya'yan itace. Wannan kuwa ba ya samuwa sosai sai da jinkiri. Tun 1823 Bajamushe Schützenbach ya fito da hanyar tsiyayar da giya ta kan ɓarzajen katako, aikin makonni ya koma na kwanaki, farashi ya faɗi, masu gangunan Orleyan, waɗanda a dā ake ƙidaya su da ɗaruruwa, suka yi ta rufe ƙofa ɗaya bayan ɗaya. Gidan Martin-Pouret, wanda aka kafa a 1797, shi ne ya rage a yankin yana bin tsohuwar hanya.