Gayya, Shawara ko Damawa: Sunayen da Ake Kiran Mutanen Unguwa da Su

Wata Laraba bayan la'asar mai unguwarmu ya tura yaro gida-gida, cewa gobe a hallara a firamare, ma'aikata za su zo kan maganar hanya da kwata. Da muka je, ƙyallen da aka rataya a bakin aji an rubuta masa "Taron Masu Ruwa da Tsaki". Mai gabatarwa ya ce sun zo wayar mana da kai. Shi kuwa mai unguwa, da ya tashi yin maraba, cewa ya yi an kira mu shawara. Taro ɗaya, suna uku.

Jami'in ya shimfiɗa taswira a kan tebur, aka danne gefunanta da duwatsu saboda iska. Ya yi bayani mai tsawo da bakin biro. Can sai wani dattijo, tsohon magini, ya gyara murya ya ce, "Yallaɓai, wannan zanen an gama shi ne, ko yanzu ake kan yi?"

Ya ce, "Baba, ai har an sa hannu."

Dattijon ya ce, "To madalla. Ashe sanarwa ce." Ya jawo takalminsa.

Tun ranar nake bin waɗannan kalmomi ɗaya bayan ɗaya, domin na lura kowace tana ajiye mutumin unguwa a wani wuri daban: wata a kan tabarmar masu magana, wata a layin masu sauraro, wata kuma a cikin kwata da shebur a hannu.

Mu fara da ita kanta unguwa. Wanda ya zaga birnin Kano yana sauraron sunaye, tarihi ake karanta masa. Tudun Nufawa, Agadasawa, Zangon Barebari, Ayagi, Sharifai, Dandalin Turawa: kowane suna yana faɗin su wa suka sauka nan, daga ina suka zo. Soron Ɗinki kuma sana'a yake nunawa. Babu ofishin da ya raɗa waɗannan sunaye. Baki ne ya yi ta maimaita su har suka zauna. Shi ya sa unguwa a Hausa ta fi ƙarfin fili da gine-gine, jama'a ce. Mace idan ta ce za ta tafi unguwa, ai wajen mutane za ta, barka ko gaisuwa ko ziyara. Mai unguwa kuwa, na ƙasa a tsanin da ya hau zuwa dagaci da hakimi da sarki, shi ne wanda ya san gidan wa ya yi iyaka da na wa, kuma da wuya a yi cinikin gida ko fuloti babu shaidarsa.

Turanci kalma ɗaya yake kiran unguwa da mazaɓa da ita, amma Hausa ta raba su, kuma ta yi gaskiya. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Mazaɓa ta kansila ce, an shata ta don ƙidayar ƙuri'a, kuma takan haɗiye unguwanni da dama. Idan aka ce an ji ra'ayin jama'a "a matakin mazaɓa", sau da yawa ma'anarsa an zauna da shugabannin jam'iyya na wurin. Wanda ruwa ke shigar masa ɗaki duk damina yana can matakin lungu.

Sunayen da suka zo daga sama kuwa wani irin ɗanɗano gare su. Sabon Garin Kano, wanda aka kafa a 1913, Turawan mulki ne suka keɓe shi ga baƙi, yawanci daga Kudu. Turawan kuma suka zauna a Nasarawa, da ƙa'idar barin fili na yadi 440 tsakanin gidajensu da na 'yan ƙasa. Tsarin gari na zamani da haka ya shigo mana: wani ya zana, wani ya zauna inda aka nuna masa. Bayan 'yancin kai ma hanyar ba ta sauya sosai ba. Babban tsarin Kano na shekara ashirin, 1963 zuwa 1983, wani masani Bature mai suna Trevallion ne ya jagoranci rubuta shi.

Sai zamanin rukunin gidaje. Gidajen da gwamnatin Shehu Shagari ta gina tsakanin 1979 da 1983 suka bar mana "Shagari Kwatas" da "Lokos" a garuruwa da yawa. A Maiduguri lamba ce ma sunan: 202, 303, 505, 777. A Dutse akwai Gida Dubu. A Kano gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 ta gina Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo. Tsohuwar unguwa sunan mazaunanta take ɗauka. Sabuwa kan ɗauki sunan wanda ya gina, ko yawan abin da ya gina, domin lokacin raɗin suna babu kowa a ciki tukuna.

Mutane suna ba da ra'ayinsu a kan irin waɗannan gidaje, sai dai da bulo suke bayarwa, bayan sun tare. Shiga duk tsohon kwatas ka gani. Abu na farko, an ɗaga katanga don a sami tsakar gida inda mata za su sake. An fitar da wani ɗaki a ƙofa ya zama zaure, saboda baƙo namiji ba ya zarcewa falon iyali. Garejin mota ya koma shago. An yi rumfa a baya don girkin itace ko gawayi ranar suna da biki. Duk wannan gyara amsa ce ga tambayar da ba a yi musu ba, kuma da aljihunsu suka biya kuɗin amsar.

Kishiyar kwatas ita ce awon igiya. Haka Kanawa ke kiran filin da mai gona da dillali suka yanka da kansu, ba da awon gwamnati ba. Sunan bai ɓoye komai ba: igiya, turaku, shaidu, sai takardar ciniki. Da haka unguwanni masu ɗimbin jama'a suka tashi a gefen birni, ta wajen Kumbotso da Ungogo. A nan babu wanda ya hana jama'a sa hannu. Su ne ma suka yi komai. Sakamakon kuwa kowa ya sani. Kowane mai gona so yake ya fitar da fuloti mafi yawa, sai lungu ya tsuke, wani wurin da ƙyar makara take juyawa, balle motar kashe gobara. Ba a bar filin makaranta ba, ba a bar hanyar ruwa ba. Ranar da hukuma ta waiwayo, kalmomi biyu ne ke biyo ta: rusau da diyya. Wannan ya ishe mu darasi cewa barin mutane su kaɗai ba shi ne damawa da su ba. Mai ɗaki ya san inda yake masa yoyo, amma bai san inda ruwan unguwa goma zai bi ya faɗa rafin Jakara ba. Wannan sanin na mai taswira ne.

Yanzu ga kalmar da jami'ai suka fi so idan suna yabon al'adarmu: gayya. Asalinta a gona ne da gini. Mutum ya ga noma ya fi ƙarfinsa, ko zai ɗora jinka, sai ya gayyaci samari, ya tanadi fura da tuwo, wani lokaci har da makaɗi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Daga nan aikin gayya ya shigo gari: yashe kwata kafin damina, cike zaizayar hanya, share maƙabarta. Ƙungiyoyin taimakon kai da kai a kansa suka ginu.

Amma a duba kalmar da kyau. A gayya, mai gona ne ya zaɓi abin da za a shuka da ranar da za a yi aikin. Hannunka aka gayyata, ba bakinka ba. Abin da ya sa ba a jin zafin haka a ƙauye shi ne rance ce: yau gonata, gobe taka. Idan hukuma ce mai gayya, wannan ramuwa ba ta nan. A Nijar, bayan Seyni Kountché ya karɓi mulki a 1974, ya farfaɗo da Samariya, tsohon tsarin sarkin samari, ya mai da ita ƙungiyar ƙasa baki ɗaya. An gina azuzuwa, an shuka itatuwa, an share garuruwa. Sai dai umarni daga sama yake saukowa, kuma suna na gargajiya bai hana ta zama hannun gwamnati ba. Saboda haka idan aka ce al'umma ta "shiga" aiki, yana da kyau a tambaya: da shebur ta shiga ko da baki?

An yi ƙoƙarin haɗa biyun. A shirin CSDP da Bankin Duniya ya tallafa wa jihohin Najeriya da shi daga 2009, al'umma ce ta riƙa zaɓen aikin da take so, rijiyar burtsatse ko aji ko ɗakin shan magani, ta zaɓi kwamitin da zai riƙe kuɗin, sannan ta kawo kashi 10 cikin 100 na abin da za a kashe, da kuɗi ko yashi ko ƙarfi. Gayya ce wadda 'yan gayya ne masu gonar.

Sauran kalmomin na ofis ne. "Wayar da kai" ta riga ta yanke hukunci tun kafin a zauna: kan wani a duhu yake, wani ne ya zo da fitila. Tana da wurinta, kamar a rigakafi, amma a kan hanyar da ruwa ke bi a lungu, wa zai wayar da kan wa? "Masu cin gajiya" kuwa ta mai da mutum mai miƙa hannu, wanda abin da ya rage masa godiya ce. "Tuntuɓa" ta fi su ladabi, sai dai ba ta ɗaure kowa. Kana iya tuntuɓar mutum ka yi gaban kanka.

"Masu ruwa da tsaki" ita ce ta fi ba ni sha'awa. Idan Bahaushe ya ce wane ya yi ruwa ya yi tsaki a wata magana, yana nufin ya shiga dumu-dumu, ya tsaya a kanta. Ni dai duk lokacin da na ji ta, mai kiwon 'yan tsaki nake tunawa, wadda ke zuba musu tsaki ta sa musu ruwa safe da yamma. Da wannan ma'auni, wa ya kai matar gida ruwa da tsaki a maganar famfo da kwata da bola? Ita ce ta san nawa mai kura yake sayar da jarka, ta san awa nawa yaro ke yi a layin burtsatse. Amma a taronmu na firamare mace ko ɗaya babu. An sa shi a lokaci da wurin da maza ke taruwa, aka gayyaci masu gida. Ɗan haya ma bai zo ba, domin a bakin mutane shi ba "ɗan unguwa" ba ne ko da ya shekara ashirin, mazauni ne kawai. Wanda kakansa ya zo daga wata jiha kuwa har gobe baƙo ne a takardar shaidar ƙaramar hukuma. Kafin a tambayi ko an ji ta bakin jama'a, sai an fara tambayar su wa aka ƙirga a cikin jama'ar.

Shawara daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da Shura, sunan sura guda a Alƙur'ani. Hausawa suka ce mai shawara aikinsa ba ya ɓaci. Sharaɗinta guda ne, kuma shi tsohon maginin nan ya kama: sai abin da ba a riga an yanke ba ake shawara a kansa. Dokokinmu ma ba su rasa wannan ba. Dokar tsara birane da yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta tanadi a baje daftarin tsari jama'a su gani, mai ƙorafi ya kawo, kuma ta tanadi hukumar tsarawa har a ƙaramar hukuma. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi shiga tsara ci gaban yankunansu, har da raɗa wa tituna suna da sa wa gidaje lamba. Sai dai dokar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar birni a hannun gwamna, don haka a gari irin Kano taswira daga jiha take fitowa, ciyaman da kansila sukan gan ta ne kusan lokacin da mu ma muka gani. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, maganar asusu ya taɓa. Ko da kuɗin ya iso sakatariya, tsakanin sakatariya da lungu akwai sauran tafiya.

Idan za a bar ni in zaɓi kalma ɗaya, "damawa" zan ɗauka, wadda 'yan siyasa suka tsufar da ita da "za mu dama da kowa". Daga ƙwaryar fura ta fito. Mai damu tana da ludayi a hannu, ita ke ganin ko nono ya isa, ko a ƙara ruwa, ko da sauran gudaji. Ana yin wannan duka kafin a kai baki, domin yadda aka dama haka ake sha. A aikace ba wani abu ne mai wuya ba: a zo da zane tun yana na fensir, a yi zaman mata daban a cikin gida, a kira ɗan haya, a liƙa abin da aka amince da shi da kuɗinsa a ƙofar mai unguwa, a dawo a faɗi abin da aka ɗauka da abin da aka bari da dalili.

Kwatar tamu dai an gina ta, da siminti mai kyau. Da ruwan farko ya sauka, ta cika ta tumbatsa daidai kwanar da tsofaffi suka san tsohon kududdufi ne aka cike. Washegari yaron mai unguwa ya sake zagawa gida-gida: ranar Asabar kowa ya fito da shebur, akwai aikin gayya.