Cikakken haɗi: Yadda ake neman zangon motar-gida a Amurka lokacin bazara

Lokacin yawon bazara a Amurka yakan fara ne daga Litinin ta ƙarshe a watan Mayu, ya ƙare a Litinin ta farko a watan Satumba. A tsakanin nan makarantu na hutu, iyalai kuma kan kama hanya a cikin motar da ake kira RV, wato mota mai ɗauke da gado, kicin, banɗaki da tankunan ruwa, wadda za a iya kiranta motar-gida. A shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da irin waɗannan motoci fiye da 600,000, mafi yawansu daga jihar Indiana. Sai dai wuraren da matafiya suka fi son gani mallakar gwamnati ne, yayin da akasarin wuraren da mota za ta samu wuta da ruwa da magudana ke hannun 'yan kasuwa.

Mene ne cikakken haɗi?

Kalmar da ake nema a jerin zanguna ita ce full hookup, wato cikakken haɗi. Gurbin da ke da shi yana ba mota abu uku: wutar lantarki, famfon ruwa mai tsafta, da bakin bututun da ke kwashe ƙazanta. Idan an ce rabin haɗi, galibi wuta da ruwa ake nufi, wani lokaci ma wuta kawai. Inda babu ko ɗaya, mota za ta dogara ne ga batirinta, janareta ko farantin sola, da ruwan da ta ɗebo.

Wutar iri biyu ce. Mai amp 30 tana bayar da kimanin wat 3,600, wadda ke isar na'urar sanyaya ɗaki guda ɗaya. Mai amp 50 tana kaiwa wat 12,000, kuma ita manyan motoci masu na'ura biyu ke buƙata. Bakunan filoginsu ba ɗaya ba ne, don haka matafiyi kan riƙe mahaɗi. A tsakiyar watan Yuli a Arizona ko Texas, wannan bambanci ya shafi lafiyar yara da tsofaffin da ke cikin motar kai tsaye.

Tankuna kuwa uku ne: na ruwan sha, na ruwan wanka da wanke-wanke, da na bayan gida. Ko a gurbi mai magudana, masu gogewa kan bar tankin bayan gida a rufe har ya kusa cika, su zubar da shi da farko, sannan su saki ruwan wanka ya ɗauraye tiyon. Wanda ba shi da magudana a gurbinsa sai ya tuƙa motar zuwa wurin zubarwa na musamman duk bayan 'yan kwanaki.

Su wa ke da zangunan?

Hukumar Kula da Gandayen Ƙasa, wadda aka kafa a 1916, ita ke riƙe da manyan gandaye 63 da ɗaruruwan wuraren tarihi, kuma ta karɓi ziyara fiye da miliyan 331 a shekarar 2024. An gina yawancin zangunanta ne a zamanin tanti da ƙananan tireloli, shi ya sa cikakken haɗi ya yi ƙaranci a cikinsu. A Yellowstone, gandun farko da aka ware a 1872, zango ɗaya tak ke da shi, wato Fishing Bridge, kuma ba a karɓar tanti a can saboda dabbar beyar. A Grand Canyon akwai Trailer Village a gefen kudu, a Grand Teton akwai Colter Bay. Zangon Watchman na gandun Zion wuta kawai yake bayarwa, Yosemite kuwa ba shi da haɗi ko kaɗan. Hatta waɗancan ukun masu cikakken haɗi kamfanoni ne ke gudanar da su bisa kwangila.

Gandayen jihohi da zangunan da sashen injiniyoyin sojan ƙasa ke kula da su a bakin madatsun ruwa sun fi yawan wuta da ruwa, kuma kuɗinsu da sauƙi. Hukumar Kula da Filayen Tarayya, mai riƙe da kimanin eka miliyan 245 mafi yawa a yammacin ƙasar, tana barin mutum ya sauka kyauta a wurare da dama, galibi har kwana 14, ba tare da wani haɗi ba.

Ragowar kasuwar ta 'yan kasuwa ce. Mafi shahara shi ne KOA, wanda ya faro a garin Billings na jihar Montana a 1962, yanzu kuma yana da rassa fiye da 500 a Amurka da Kanada. Irin waɗannan zanguna sukan yi sahu a garuruwan da ke ƙofar gandaye, kamar West Yellowstone, Moab da Pigeon Forge, farashinsu kuma na tashi da zarar bazara ta kama. Wasu daga cikinsu suna da ƙa'idar ƙin motar da ta haura shekara goma, ƙa'idar da ta fi shafar waɗanda tsadar haya ta tilasta musu mayar da tsohuwar mota gida.

Yadda ake kama gurbi

Zangunan tarayya ana kama su ne ta Recreation.gov, inda yawancinsu ke buɗewa wata shida kafin ranar sauka. Mai son kwana a watan Yuli tun watan Janairu zai nema, kuma guraben da aka fi so kan ƙare cikin mintuna. Fishing Bridge da Trailer Village ana kama su ne ta hannun kamfanonin da ke gudanar da su. Manhajoji irin su Campendium, AllStays da jerin Good Sam suna ba da damar tace zanguna bisa nau'in haɗi.

Kafin biyan kuɗi, abubuwa huɗu ne ya kamata a tabbatar: ko magudanar tana gurbin ne ko a wani gefe na zangon, ƙarfin wutar, tsawon gurbin idan an haɗa da motar da ke ja, da kuma ko ana shiga a wuce gaba ne ko sai an yi ribas. Hanya ma tana da nata sharaɗin. A gandun Glacier, an hana motar da ta wuce ƙafa 21 bin tsakiyar titin Going-to-the-Sun, don haka babbar mota sai ta tsaya a zango a hau bas. Ranar 4 ga Yuli da ƙarshen makon hutu su ne suka fi cika.

Hanya ɗaya a matsayin misali

Babbar hanya mai lamba 90, ɗaya daga cikin titunan da dokar 1956 ta zamanin Shugaba Eisenhower ta samar, tana haɗa wurare da yawa a tafiya guda. Daga gabashin Dakota ta Kudu ana isa gandun Badlands, sannan tsaunukan Black Hills inda aka sassaƙa fuskokin shugabanni huɗu a dutsen Rushmore tsakanin 1927 da 1941. Cikakken haɗi a wannan yanki yana kewayen Rapid City, Custer da Hill City, amma a farkon watan Agusta taron masu babura na Sturgis kan cinye guraben.

Daga nan sai Devils Tower a Wyoming, wurin farko da aka ayyana a matsayin abin tarihi na ƙasa a 1906. Wajen ƙetare tsaunukan Bighorn, hanya mai lamba 16 daga garin Buffalo ta fi sauƙi ga babbar mota, domin 14A tana da gangare mai cin birki. Garin Cody na kan hanyar ƙofar gabas ta Yellowstone, inda maɓuɓɓugar Old Faithful ke feso ruwan zafi kusan duk sa'a ɗaya da rabi. Doka ta ce a nisanci ɓauna da mita 23, beyar da kerkeci kuma da mita 91.

Ƙasar wa ake yawo a kai?

Black Hills na cikin ƙasar da yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta bar wa al'ummar Sioux, kafin a ƙwace ta bayan an gano zinariya. A 1980 Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa an karɓe ta ba bisa ƙa'ida ba, ta amince da diyyar fiye da dala miliyan 100, amma suka ƙi karɓa suna cewa ƙasarsu suke so. Baƙaƙen fata ma ba su daɗe da samun cikakkiyar damar wannan yawo ba. Daga 1936 zuwa tsakiyar shekarun 1960, littafin jagora na Victor Hugo Green ne ke nuna musu inda za su kwana lafiya, kuma gandun Shenandoah ya taɓa ware musu zangon Lewis Mountain daban.

A yau takaddamar ta koma kan kuɗi. Gyare-gyaren da hukumar gandaye ta jinkirta sun haura dala biliyan 20, duk da dokar 2020 da ta ware har dala biliyan 1.9 a shekara na tsawon shekara biyar domin gyaran filayen tarayya. Daga ranar 1 ga Janairun 2026 kuma, katin shiga na shekara ya tsaya a dala 80 ga mazauna Amurka, ya zama dala 250 ga baƙi, sannan baƙon da ba shi da katin zai biya ƙarin dala 100 a gandaye 11 da suka fi farin jini, ciki har da Yellowstone, Grand Canyon da Yosemite. Wannan kati na shiga ne kawai. Kuɗin gurbi, hayar mota da man fetur, wanda babbar motar-gida kan sha fiye da lita 20 a duk kilomita 100, lissafinsu daban ne.