Hanta da Maganin Ciwon Damuwa: Taƙaitaccen Tarihin Wani Bincike

Gabatarwa

A wannan takarda za mu yi ƙoƙarin bin diddigin yadda masana suka gano dalilin da ya sa maganin ciwon damuwa iri guda, a ma'auni guda, yakan warkar da wani, ya jigata wani, wani kuma ya sha shi kamar bai sha kome ba. Amsar tana cikin hanta, inda waɗansu sinadarai da ake kira inzayim suke liƙa wa magani iskar oksijin domin ya narke, ƙoda ta fitar da shi.

Mafarin Al'amarin

A shekarar 1957 wani likita na ƙasar Suwizalan, Roland Kuhn, ya ba da rahoton cewa maganin imifiramin yana yaye wa majinyata ƙuncin zuciya. Ba a daɗe ba aka lura cewa jiki yakan juya shi zuwa wani sinadari, watau desifiramin, wanda shi ma magani ne. Ke nan aikin hanta bai tsaya ga kashe ƙarfin magani kawai ba.

A ɗaya gefen kuma, cikin 1958 Klingenberg da Garfinkel, kowa a nasa binciken, sun ci karo da wani abu mai launi a cikin hanta. Masana biyu na ƙasar Japan, Omura da Sato, su ne suka raɗa masa suna P-450 a 1962, saboda irin hasken da yake zuƙa idan aka auna shi. A 1963 Estabrook da abokan aikinsa suka nuna cewa shi ne mai liƙa oksijin ɗin.

Bambanci Tsakanin Mutane

A 1967 Hammer da Sjöqvist na ƙasar Suwidin suka auna jinin majinyata masu shan desifiramin da notiriftilin, suka tarar abin da ya taru a jinin wani ya ninka na wani sau goma ko fiye. A 1969 aka gwada notiriftilin a kan tagwaye, sai aka ga tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya sun fi dacewa da juna nesa ba kusa ba. Wannan ya nuna cewa abin gado ne.

Bakin zaren ya fito daga wani wuri dabam. A 1975 Robert Smith na birnin Landan ya sha maganin hawan jini mai suna debirisokwin don gwaji, jininsa ya sauka har ya galabaita, alhali abokan aikinsa ba su ji kome ba. Rahoton da suka buga a 1977 ya raba mutane gida biyu: masu narkar da maganin da sauri, da waɗanda hantarsu ba ta iya shi. A Jamus ma Eichelbaum ya ga irin wannan game da maganin sifatin. A farkon shekarun 1980 Bertilsson ya tabbatar cewa inzayim ɗin nan shi ne dai yake narkar da notiriftilin. A 1988 Gonzalez da Meyer da abokan aikinsu suka fayyace ƙwayar gadonsa, wadda ake kira CYP2D6.

Matsayin Afirka

Tsakanin kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na Turawa ba su da wannan inzayim mai aiki. Amma kuskure ne a auna dukan 'yan Adam da mudun Turai. A 1993 aka gano a Suwidin cewa akwai masu ɗauke da ƙwayar gadon ninki biyu ko fiye, waɗanda hantarsu take cinye maganin tun bai yi aiki ba. A 1996 Aklillu da abokan aikinsa suka sami irin waɗannan har kashi 29 cikin ɗari na Habashawan da suka gwada. A shekarar dai Masimirembwa ya bayyana wani nau'i a Zimbabuwe, mai lamba 17, wanda yake aiki a hankali, kuma yana da yawa a tsakanin baƙaƙen fatar Afirka.

Daɗin daɗawa, ba gado kaɗai ba ne. Fuluwoksetin, wanda Amurka ta amince da shi a 1987, yana danne wannan inzayim, saboda haka idan aka haɗa shi da tsofaffin magungunan sai su taru a jini, har su iya rikita bugun zuciya.

Kammalawa

Mun ga yadda aka ɗauki kimanin shekara 30 daga rahoton Kuhn zuwa gano ƙwayar gadon. A 2013 aka fitar da ƙa'idojin da suka shawarci likitoci su rage rabin ma'aunin irin su amitiriftilin ga wanda hantarsa ba ta narkar da su. Da yake amitiriftilin magani ne mai araha da ake rubutawa a asibitocinmu, muna ganin wajibi ne jami'o'inmu su zurfafa wannan bincike a tsakanin al'ummominmu. Mu kuma malamai, ya kamata mu cusa wa ɗalibanmu cewa wanda ya ce magani ya yi masa ƙarfi ba lalle ne raki yake yi ba, kuma miƙa wa ɗan'uwa ragowar magani kasada ce babba.