Musayar da Ta Bar Baltimore da Da-na-sani

Ranar 2 ga Yuli, 2013, ƙungiyar besbol ta Baltimore Orioles a Amurka ta gaji da mai jefa mata ƙwallo, Jake Arrieta. A kakar nan, idan muka yi lissafi kan cikakken wasa, abokan hamayya na cin maki fiye da 7 a kansa. Sai ta haɗa shi da Pedro Strop ta miƙa wa Chicago Cubs, ta karɓi Scott Feldman da Steve Clevenger.

Mu da muka san ƙarshen labarin kan yi saurin zargi. Amma Baltimore gurbin wasannin neman kofi take hari, Feldman kuwa hannunsa ya faɗa. Gurbin bai samu ba, kaka na ƙarewa shi ma ya koma Houston.

A Chicago aka bar Arrieta ya koma salon jifansa na asali. A 2015 ya yi nasara a wasanni 22, aka ba shi kyautar Cy Young. A 2016 ya ci wasa biyu a World Series, kofin da Cubs ta shekara 108 tana jira.

A ganinmu, Baltimore ta sayar da shi lokacin da ya fi araha, kafin ta gano ko gazawar tasa ce ko ta horon da take ba shi.