Daga Makarantar Alƙalai zuwa Kotun ECOWAS

Matafiyin da ya taso daga Gwarzo ko Kabo zuwa birnin Kano yana wucewa ta ƙofar sabon matsugunin Jami'ar Bayero, inda ake horar da lauyoyi. Amma karatun shari'a na zamani a Kano ya girmi jami'ar nesa ba kusa ba. A 1934, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, aka buɗe makarantar horar da alƙalai, aka ɗauko malamai daga Sudan. A 1947 ta koma Makarantar Nazarin Larabci.

Wancan zamani, burin ɗalibi shi ne ya zama alƙali ko muhuti.

Yau fagen ya tsallake iyaka. Taslim Elias, ɗan Najeriya, ya shugabanci Kotun Duniya daga 1982 zuwa 1985. A 2008 kuma Kotun ECOWAS ta zauna a Yamai kan ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar a matsayin baiwa tana shekara 12, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya ta diyyar sefa miliyan 10. Irin wannan aiki na neman lauyan da ya iya Turanci da Faransanci, yake kuma jin Hausar masu ƙara.