Daga Dokin Yaƙi Zuwa Dokin Lilo: Asalin Kalmar Karusel

Ranar Sallah idan ka kai yara wurin wasa, da wuya su bar ka ka huta sai sun hau lilon nan mai zagayawa, wanda aka jera wa dawakin katako ko na roba. Mu dai lilo muke ce masa mu wuce, amma Turawa karusel suke kiransa. To jama'a, ko kun san wannan suna a filin sukuwa aka raɗa shi, kuma yana da dangantaka da hawan da muke kallo a Dandal, ƙofar fadar Mai Martaba Shehun Borno?

Kalmar daga ƙasar Italiya ta fito, ta shiga Faransanci, sannan Ingilishi ya ara. Masana harshe sun rabu a kan tushenta. Wasu sun ce ma'anarta ƙaramin yaƙi. Wasu kuma suka ce a birnin Napoli ta samo asali, inda mahaya ke bin juna a guje suna jifa da wasu ƙwallaye na yumɓu masu kama da asusu, sunan ƙwallon ne ya zama sunan wasan. Akwai kuma masu jingina ta da kalmar keken doki, wato dangin karusa da muka aro daga Larabci. Kowace ka ɗauka dai, doki na ciki.

Wanda ya fito da sunan sarari shi ne Sarkin Faransa Luwi na 14. A watan Yuni na 1662 ya shirya gagarumin wasan dawaki a birnin Faris don murnar haihuwar magajinsa, shi kansa ya hau cikin shigar sarkin Rumawa. Har yau filin da aka yi wasan yana amsa sunan Karusel. Daga baya masu dabara suka sassaƙa dawakin katako, suka rataya su a jikin ginshiƙi, mutum ko dabba na juyawa. A 1861 aka ɗaura wa abin injin tururi a Ingila, ya zama abin nishaɗin kasuwa. Yanzu har bel ɗin da ke zagayawa da jakunkuna a filin jirgin sama, wanda alhazanmu suka sani sarai, sunansa ke nan.

To mu dawo gida. Abin da ya sami dokin Turawa shi ya sami namu. A watan Fabrairu na 1823, lokacin da Baturen nan Denham da abokan tafiyarsa suka iso Kukawa wurin Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi, dakaru ne sanye da sulke suka tarye su, suka sako dawaki a guje, sai dab da baƙin suka ja linzami. Wannan shi ne abin da Bahaushe ke kira jahi. A wancan zamani ba wasa ba ne, nuni ne cewa ƙasa na da masu tsaronta. Da Turawa suka ci ƙasa, fadar Shehu ta dawo Yerwa a 1907, yaƙin doki ya ƙare, sai sulke da lifidi da kwalkwali suka koma kayan ado na ranar Sallah.

Hatta sunan da muke kiran babban hawa, wato daba, baƙo ne. Asalinsa darbar, kalmar Farisanci mai nufin zaman fada. Turawan Ingila ne suka ɗauko ta daga Indiya suka liƙa wa hawan da suka tarar muna yi. Da wannan suna aka tara sarakuna a Kano a 1925 don Yariman Ingila, da Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, da kuma 1977 lokacin bikin FESTAC. A Disamba 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin kayan gadon al'adun duniya.

Bambancin da ke tsakaninmu da su guda ne, kuma shi ne abin lura. Can, dokin ya zama katako, suna kawai ya rage, har yawancin masu hawansa ba su san daga ina ya zo ba. Nan kuwa, alhamdu lillahi, dokin na da rai, algaita na tashi, masu dukancin sirdi da maƙeran linzami na cin abinci da sana'arsu. Amma kiwon doki ya yi tsada, kuma yaranmu da aka haifa a Hausari da sauran unguwanni da yawansu ba su san mene ne likkafa ba, balle lifidi.

Saboda haka, ya ku iyaye, Sallah mai zuwa idan Allah ya kai mu, kafin a tafi wurin lilo a fara biyawa ta Dandal. A nuna wa yaro mahayi, a faɗa masa sunan kowane abu da ke jikin dokin, da Hausa, a kuma tambayi maƙwabtanmu Barebari yadda suke kiransa da yarensu. In ya hau na katako daga baya, ya san abin da yake kwaikwayo.

Allah ya maimaita mana, ya zaunar da Borno lafiya, amin.