Tarihin Kalmar Zarra da Tambayar Rabuwarta a Tsakanin Hausawan Agege

1.0 Gabatarwa

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisun Hausawa masu sauraren rediyo, tun daga Kano har Zangon Agege: idan ƙwayar zarra ce mafi ƙanƙanta cikin halitta, ta yaya ake cewa an fasa ta? Wannan maƙala za ta bi tarihin kalmar domin nuna cewa ruɗanin ya samo asali ne daga ma'anoni uku da aka ɗora wa kalma guda a zamunna daban-daban.

2.0 Zarra da Jauhari a Ilimin Zaure

Hausawa sun zauna a Agege a sanadiyyar fataucin goro da shanu, kuma yawansu ya ƙaru bayan da layin dogo ya haɗa Ikko da Kano a farkon shekarun 1910. Kamar yadda aka saba a kowane zango, malamai sun biyo fatake da littattafansu. Daga baya kuma Markaz, wadda Shehu Adamu al-Iluri ya kafa a Abekuta a 1952, ta dawo Agege, ta ƙara wa garin suna a fagen Larabci.

A wannan karatu almajiri yakan haɗu da kalmomi biyu. Ta farko ita ce zarra, wadda Hausa ta aro daga Larabci ta hanyar Alƙur'ani. Masu tafsiri sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar da ake gani cikin hasken rana idan ya ratso ɗaki. Ke nan awo ce ta ƙanƙanta, kuma babu wanda ya ce ba ta rabuwa. Ya kamata a bambanta ta da zarra ta fifiko, kamar a ce wane ya yi wa tsaransa zarra.

Ta biyu ita ce jauhari, wato ɓangaren da ba ya rabuwa a ilimin tauhidi. Malaman Basara da Bagadaza sun yi muhawara a kansa tun ƙarni na 9: Abul Huzaili ya tabbatar da shi, Nazzamu ya musanta, sannan Baƙillani (ya rasu 1013) ya shimfiɗa shi a mazhabar Ash'ariyya. Bahasin jiki da sifofinsa masu gushewa ya iso ƙasar Hausa ta littattafan aƙida, musamman na Sanusi na Tilimsan (ya rasu 1490). Saboda haka tambayar ko abu yana da iyakar rabuwa tsohuwa ce a zaure, amma da sunan jauhari aka san ta.

3.0 Shigowar Ma'ana ta Uku

Kalmar da Turawa ke amfani da ita daga Girkanci take, kuma ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Dalton ya farfaɗo da ita a farkon ƙarni na 19. Sai dai bincike ya ƙaryata sunan: Thomson ya gano ilektiron a 1897, Rutherford ya gano cibiyar zarra a 1911, Chadwick ya gano niyutiron a 1932, sannan Hahn da Strassmann suka fasa cibiyar yuraniyam a 1938. Larabcin zamani ya zaɓi zarra a madadin kalmar Girkancin, Hausa kuma ta bi sahu da ƙwayar zarra. Abin lura shi ne an raɗa wa abin suna a Hausa bayan an riga an fasa shi.

Labarin ya fara isowa ne ta hanyar yaƙi, da bama-baman Hiroshima da Nagasaki a 1945. Amma abin da ya kawo shi gida shi ne gwajin da Faransa ta yi a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960. An shiga fargabar cewa iskar hunturu za ta kwaso ƙurar gubar zuwa Nijeriya. Bayan gwaji na uku a Disamba 1960, gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ke zaune a Ikko, ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa a Janairu 1961, ta sallami jakadanta. A lokacin sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo suna fuskantar aikin bayyana wa jama'a abin da ba shi da suna tsayayye. Ga Bahaushen Agege, wanda iyalinsa ke Arewa kan hanyar iskar, maganar ta wuce ta nishaɗi.

4.0 Matsalar Ƙirƙirar Kalmomi

Daga baya lamarin ya ƙara matsowa. An fara haƙar yuraniyam a Arlit ta Nijar a 1971, kuma a 2004 aka kunna ƙaramin injin nukiliya na bincike a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. Duk da haka kalmomin ba su daidaita ba, har bayan fitowar littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990, domin wannan aiki harshe da adabi ya fuskanta.

Matsala ta farko tana cikin kalmar ƙwaya. Asalin nukiliya daga Latin ne, ma'anarta ƙwayar da ke cikin ƙwallo. Idan an riga an kira abin gaba ɗaya ƙwayar zarra, to cibiyarsa ta zama ƙwayar ƙwayar zarra, furoton da niyutiron kuma ƙwayoyin cikin wannan. Tun 1964, da Gell-Mann ya kawo ra'ayin kuwak, an ƙara hawa guda. Matsala ta biyu ita ce har yau ba a ga alamar cewa ilektiron ko kuwak suna da sassa ba, don haka su ne suka fi kusa da jauharin malaman tauhidi, ko da yake hujjar malaman ta hankali ce, ta masana kimiyya kuwa ta gwaji.

5.0 Kammalawa

An ga yadda zarra ta tashi daga awon ƙanƙanta, ta gaji ma'anar jauhari, sannan ta zama sunan abin da ke rabuwa. Shawarar maƙalar ita ce a bar zarra ita kaɗai ga abin gaba ɗaya, a kira tsakiyarsa cibiyar zarra, a keɓe ƙwaya ga abubuwan da ke ciki. Da wannan tsari malamin kimiyya zai iya amsa tambayar majalisar Agege da Hausa, ba tare da kalmar ta ƙaryata bayaninsa ba.